Sharhin Yaya a Shafin Taɓe-taɓe

A layin teloli kowa ya san shi da Taɓe-taɓe. Keken ɗinki yake gyarawa, kuma ya iya, sai dai hannunsa ba ya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi. Fankar shagonsa ta sha kwancewa ba ta yi laifin komai ba. Da ya buɗe shafinsa na intanet, inda yake rubuta dabarun gyaran keke, sai cutar ta samu wurin zama. Yau ya sauya launi, gobe haruffa, jibi ya ɗora wata manhaja ya sauke wata. Rubutu kaɗan, gyara tuli.

Yayansa, direban babbar mota, shi ne babban mai karanta shafin. Duk inda ya yada zango sai ya bar sharhi a ƙasan rubutun, yawanci tsiya, wani lokaci labarin hanya. Da ya rasu bara, 'yarsa mai koyon aikin jinya ta mayar da shafin wurin ziyara, kullum sai ta leƙa ta karanta mahaifinta. Taɓe-taɓe ya san da haka sarai. Amma hali zanen dutse. Ya ji an ce wani sabon tsari ya fi sauri, ya kwashe rubuce-rubucensa ya mayar can, ya goge tsohon shafin. Ko kwafi bai ajiye ba.

Washegari da safe yana cikin ɗaura bel a wani keke, sai ga 'yar yayan nasa da farar rigarta, waya a hannu. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Baffa, ina maganganun Abba?"

"Suna nan mana. Gyara kawai na yi."

"Ba sa nan. Duba."

Ya goge man hannunsa a wando, ya jawo kwamfutar daga ƙarƙashin tarin kusoshi. Shafin ya buɗe fes, kamar sabon kwano. Ƙasan kowane rubutu kuwa fayau. Sabon tsarin rubutun mai shafi kawai yake ɗauka, ba ruwansa da sharhin masu karatu. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba ne.

Ya rubuta wa kamfanin da ke ajiye masa shafin. Suka amsa cewa za su duba ko akwai sauran tsohuwar ajiya. Ita kuwa ta zauna a benci tana jira. Wani tela ya leƙo neman kekensa, ya ga fuskokinsu, ya koma da baya. Da ma ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Can sai fayil ya iso. Ya buɗe da bismilla. Sharhin yana nan, amma ɓangaren sunaye ya lalace. Maganar Yaya ta cakuɗe da tambayoyin baƙi da tallan maganin ƙiba, layi bisa layi, babu mai suna.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ɗaki ɗaya muka tashi. Ko cikin kasuwa na san muryarsa."

Da farko abin ya tafi daidai. "Kai da gyara sai ka ce an yi maka baki." Wannan Yaya ne, har ta yi ɗan murmushi. Labarin tayar da ta fashe a kan gada ma, shi ne. Sai suka iso kan gajerun layuka. "Na gode." "Allah ya yi albarka." Ta sa yatsa a kan wani, ta karanta a hankali:

"Yau na tuna gida ƙwarai." Ta ɗago kai. "Baffa, wannan shi ne?"

Ya karanta, ya sake karantawa. Zai iya zama Yaya a wata tasha mai nisa. Zai iya zama wani tela da bai taɓa gani ba. Ya so ya ce eh, amma bakinsa ya ƙi.

"Ban sani ba, 'yata."

Ta ɗauke yatsanta daga kan layin. Sannan ta miƙe, ta rataya jakarta.

"To mayar da su duka, har masu tallan. Gara in karanta na baƙo da in rasa na Abba."