Kunyar Ɗan Fari

Zamanin Turawa ne, ina aure a Kuyello, aka aiko cewa ƙanwata ta sauka a Birnin Gwari, ta sami namiji. Ruwa ya cinye hanya, ban ga suna ba, sai da ta yi nisa a wankan jego na iso.

Tun daga ƙofa gwaggonmu ta tare ni da yabo. Wai ba ta taɓa ganin mai kunyar ɗan fari kamar yarinyar nan ba. Ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa, nono ma sai an ɗora mata shi ta kau da kai. Matan unguwa har misali suke yi da ita.

Na shiga ɗakin. Yarinyar da surutunta ke hana mu sakat, ga ta zaune ta zuba wa bango ido, kunun kanwa ya sandare a ƙwarya. Muna zama mu biyu ta kama zanena.

"Yaya, ki fitar da shi daga ɗakin nan. Wani abu yana ce min in tsoma shi a tukunyar wanka."

Ashe ta faɗa wa gwaggo, ita kuwa ta yi dariya, ta ce haka 'ya'yan mutunci suke nuna ba su damu da na fari ba. Ranar na manta gwaggo ta girme ni, na faɗa mata maganar da har ta rasu ba ta yafe ba.

Na goya jaririn, na ja ƙanwata zuwa asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya. Malamin asibitin ya saurare mu da kyau, sannan ya ce shi maganin gyambo da zazzaɓi gare shi. Taɓin hankali irin wannan, in ya rubuta wa hukuma, dogarai za su sa mata mari hannu da ƙafa a kai ta Zariya, a ajiye ta gidan yari, yaro kuma a bar shi a gida. Ya ba mu gishirin wanke ciki. Ban taɓa jin tsoro da haushi irin na ranar ba.

Mun kamo hanyar gida, daidai inda masu itace ke fitowa daga daji, ƙanwata ta tsaya. Karon farko ke nan na ga ta dubi ɗanta, yana barci a bayana.

"Yaya, mu koma ya rubuta. In hannuna yana ɗaure, babu abin da zai same shi."