Mushe Kiyari, mai tashi a ƙarshe

Ina tankaɗe a tsakar gida ranar Talata da hantsi sai maƙwabciyata Falmata ta leƙo ta kan katanga. Ta ce kamyon Damagaram, babbar motar kaya, ya iso tasha, kuma direban ya zo da labarin cewa Mushe Kiyari, malamin makaranta, ya cika a asibiti jiya da la'asar, har an yi masa sutura a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye rariya na aika a gaya wa ɗana Isufu a kantin ubansa. Aka dawo aka ce ya riga ya ji, har ya fita.

Ban koyi rubutu ba sai da girma ya zo mini, a ajin yaƙi da jahilci, don haka masu ilimi su yi haƙuri da ni. Waɗanda ya koyar a lakwal ɗin Gure, wato makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, za su faɗi yadda yake a aji. Ni abin da na sani game da shi gudu ne, kuma na daɗe ban yafe masa gudun nan ba.

Shi ya kawo gudun garin nan. Kowace Lahadi bayan sallar asuba yakan tara samari, tsofaffin ɗalibansa da abokansu, a gindin wata aduwa da ke bakin gari ta arewa. Yakan cire agogonsa ya rataye a reshe. Ba alƙali, ba mai busa usur, ba kyauta. Mutum zai dubi agogo ya tashi shi kaɗai, sai ya ɓace a bayan tudu sannan na biyu ya duba ya tashi. Hanyar ta ratsa tuddan rairayi, ta gangara wani kwari mai goriba, ta hau duwatsu, sannan a wani babban gawo a karya a komo gari. In ka dawo ka sake duban agogo, ka faɗi lokacinka da bakinka, kowa ya karɓa. Wani ya taɓa tambayarsa, in mutum ya rage fa? Ya ce: "Agogo ba ya ƙarya. Mai rage masa kuwa kansa ya cuta, don Lahadi mai zuwa da ƙaryarsa zai yi tsere."

Mushe kullum shi ne na ƙarshen tashi, alhali ya fi yawancinsu sauri. Yaran suna tsokanarsa, suna cewa tsoro yake ji kada a wuce shi a gaban jama'a. Ba ya musu, sai ya ɗaure bakin wandonsa saboda ƙarangiya ya jira.

Isufu shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mini. Na binne waɗanda suka gabace shi tun suna goye. Da na ji ya shiga cikin masu gudun sai na yafa zane na tafi gidan Mushe. Matarsa Yagana ta shimfiɗa mini tabarma, shi kuma ya zauna daga bakin ƙofa.

Na ce: "Mushe, kura ce ta biyo ku? Mutum da lafiyarsa ya shiga daji yana gudu ba abin da ya kore shi?"

Ya yi murmushi ya ce: "Inna, ba kura. Ɗanki yana da ƙafa, ina so ya samu ido kuma."

"Idon da Allah ya ba shi bai isa ba?"

"Ya isa kanti. Bai isa daji ba."

Na ce ya kore shi. Ya ce ba zai kori wanda ya zo da kansa ba, amma in ni na hana shi, zai goya mini baya. Ban iya hanawa ba, don ubansa ya ce namiji ne, a bar shi. Abin da Mushe ya yi mini alkawari guda ne: muddin yana numfashi, ba zai shigo gari ya bar ɗan wani a bayansa ba.

Yana koya musu hanya kamar yadda yake koyar da karatu. Yakan ce kada su amince da tudu, don iska tana matsar da shi, kada kuma su bi sawu don ba su san inda mai shi ya nufa ba. "Rairayi ba shi da alkawari. Ku riƙe dutse, ku riƙe itace." Isufu yakan dawo gida yana maimaita wannan, ƙafafunsa duk ƙaya, ni ina cire masa da allura ina faɗa.

A shekarar fari, lokacin da dabbobi ke faɗuwa a bakin rijiyoyi, wasu makiyaya da suka gangaro daga wajen Alakos suka sare gawon nan don awakinsu su ci ganye. Ba wanda ya ga laifinsu, kuma ba wanda ya kawo labarin cikin gari. Ranar Lahadi Isufu ne ya fara tashi. Shi mai sauri ne, kansa a sama yana neman kan gawo, ya wuce kututturen bai gan shi ba, ya ci gaba da nausawa arewa. Na bayansa da ba su kai shi sauri ba suka ga kututture suka karya. Suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zaton Isufu ya daɗe da isowa har ya tafi gida wanka.

Da rana ta take ban gan shi ba, sai na tafi gindin aduwar. Na tarar da samarin tsaye cirko-cirko. Wani daga cikinsu, Mamman ɗan Bune, ya ce: "Inna, Mushe ma bai dawo ba." Ya faɗa ne don ya kwantar mini da hankali. Suka cika salka biyu suka koma daji, ni na zauna. Agogon yana rataye a kaina yana ta ƙas-ƙas, a lokacin ban san yadda ake duba shi ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mushe ya iso wurin kututturen, ya ga sawu da yawa sun karya, guda ɗaya ya miƙe. Ruwan da ke gare shi ɗan gora ne. Bai komo neman taimako ba, don iska ta fara tashi kuma ya san kafin ya je ya dawo ta shafe sawun. Ya bi shi cikin rana har ya tarar da yaron a wani kwari, kwance ƙarƙashin kaba, leɓɓansa sun tsage, ba ya iya magana. Ya ɗiɗɗiga masa ruwan duka, shi bai kurɓa ba. Ya goya shi har suka haɗu da wani mai raƙumi.

Rana tana gab da faɗuwa suka iso. Aka sauko da Isufu daga raƙumi, na tashi zan kama shi, sai Mushe ya ɗaga hannu. Muryarsa ta dushe, da ƙyar ake jinsa.

Ya ce: "Isufu, dubi agogo. Faɗi lokacinka."

Na ce: "Mushe, ba ka da tausayi ne? Yaro ya dawo daga bakin kabari kana maganar agogo?"

Ya ce: "Inna, da ƙafarsa ya tashi daga nan. Bari ya rufe da bakinsa, kada ya tafi gida a matsayin wanda aka tsinto."

Isufu ya dafa aduwar ya duba ya faɗa. Mamman ya ce ko kunkuru ya fi haka, kuma rabin hanyar raƙumi ne ya yi gudun. Aka yi dariya, har shi Isufun. Ni ban yi ba.

Washegari Mushe ya zo gidanmu ya durƙusa a zaure gaban maigidana, ya sa aka kira ni. Bai kawo uzurin makiyaya ba, bai ce yaron ya yi gaggawa ba. Ya ce: "Ni na ce su riƙe itace. Ban yi tunanin yunwa tana cin alama ba." Lahadin da ta biyo ba a yi gudu ba. Ya kwashe su duka suka bi hanyar a tafe, suna tara duwatsu a kowace makarya, tsibi mai tsawon gwiwa. Tun daga ranar, duk Asabar da yamma yakan zaga shi kaɗai ya ga ko wani abu ya sake. Ya ci gaba da haka har ciwon da ya tafi da shi ya kwantar da shi.

Bayan sadakar bakwai samarin suka taru suka ce za su ci gaba. Yagana ta ba su agogon. Jiya da yamma Isufu ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, ya ce sun zaɓe shi ya riƙa tashi a ƙarshe, amma ba zai karɓa ba sai na yarda.

Na ce: "To kai wa zai bi bayanka?"

Ya ce: "Ba kowa, Inna."

Na tuna ranar da na yini a gindin aduwar. Mamman yana da uwa, sauran ma haka, kuma na san irin zaman da za su yi in ba kowa a bayan ƴaƴansu. Na ce ya je, Allah ya tsare. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma ban sa ran zai ragu ba.

Allah ya jiƙan Mushe Kiyari, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya ba ɗana ruwansa ya haƙura da ƙishi, Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah ya ba Yagana haƙuri, ya raya mata marayun da ya bari, ya sa kada su rasa mai bin bayansu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.