Malam Muntaka da Daren Juma'a

Duk mai gona a bakin hanyar da ta taso daga Minjibir ya san kukan babur ɗin Malam Muntaka Iliyasu ko bai ɗago kai ba. Tari yake yi kamar tsohon da ya shaƙi barkono. Kafin hantsi ya ɗaga za ku ji shi ya ratso tsakanin dawa da gero, ya tsaya a ƙofar kwalejin koyon aikin lafiya ta yankinmu, ya sauka ya gaisa da Baba Mati maigadi, gaisuwa cikakkiya har da tambayar awaki. Sannan ya jingine babur a gindin darbejiya, ya buɗe ɗan ofishinsa da ke lungun laburare, ya kaɗe kujera, ya yi bisimilla, ya kunna kwamfuta. Haka yake tun ƙuruciyar waɗanda yau su ne malaman wurin. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in yi maganarsa tun yana ji da kunnensa.

In kun tambayi matan unguwarmu mene ne aikinsa, sai su ce danne-danne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na tsare shi wata rana. Ashe shi ne mai kula da shafin kwalejin na intanet. Ya ce mini, "Hajiya, ki ɗauka gida ne. Abin da mutane ke gani a wayarsu shi ne zaure. Ni kuma mukullin ƙofar baya ne a hannuna." Akwai manhajar da ke riƙe da shafin gaba ɗaya. In ya shiga da kalmar sirri sai ga komai a gabansa, sanarwa da hotuna da ranakun jarrabawa. Abin da bai nuna ba ya ajiye shi gefe kamar ƙullun da ake jira ya tashi. Abin da ya nuna ya danna ya sake shi duniya ta gani. Abin da ya tsufa kuma ya sauke shi, kada wani ya karanta sanarwar bara ya taso daga nesa a banza.

Ba da wannan ya fara ba. Da tafireta ya fara, yana buga sanarwa yana kafewa a allo da ƙusa. Kwamfuta ta zo ta tarar da furfura a gemunsa, amma bai ce ya girme ta ba. Ya zauna ya koya, har yau kuma da yatsa biyu yake bugawa, kamar kaza na tsintar tsaba. Malama Luba ta ofishin rajista, wadda teburinta ke kallon tagarsa, ta ce ta sha ganinsa ya fita bayan katanga da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya tsaya a kwarin da sabis ba ya son zuwa, yana jiran shafi ya buɗe. In ya ƙi buɗewa sai ya dawo ya rage nauyin hotuna, ya sake fita. Cewa yake ba don mutanen birni aka yi shafin ba, su ai suna da ƙafar zuwa. Shi ne kuma ya nemi izini a riƙa sa kowace sanarwa da Hausa a ƙarƙashin ta Turanci, domin ɗalibi ne ke karatu amma uba ne ke ba da izinin tafiya, uban kuwa da Hausa za a karanta masa.

To, wannan alherin nasa ne ya kusa zame masa abin kuka.

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, aka fitar da waɗanda suka samu gurbin karatu. Sharaɗin shi ne kowa ya shiga shafin ya danna cewa ya karɓi gurbinsa kafin a rufe, wanda bai yi ba a ba na bayansa. Turancin ya ce ranar Juma'a, sha biyun dare. Malam Muntaka ya fassara da hannunsa, ya rubuta: "Za a rufe daren Juma'a."

Ku da kuka tashi a karkara kun riga kun gano inda gizo ke saƙar. A wurinmu dare ne a gaba, rana na bin sa. Da an kira magaribar Alhamis an shiga daren Juma'a, lokacin ne muke turara ɗaki, mu fitar da tuwon sadaka. A ofis kuwa sai Juma'a ta wuni sannan darenta ya zo. Malam Muntaka ya san duka biyun, amma zaman ofis ya daɗe a jikinsa, hannunsa ya rubuta lissafin ofis da kalmar masallaci.

Da safiyar Juma'ar ya iso ƙofa, Baba Mati ya tare shi.

"Malam, ya gajiyar rufe ƙofa?"

"Wace ƙofa, Baba?"

"Ta shafinka mana. An karanta mini a gida. Tun sassafe nake ba mutane haƙuri. Wani saurayi ya zo a keke, na sallame shi. Sai wata baiwar Allah da goyo, mijinta ya ɗauko ta a babur, sai da na kau da kai don hawayenta. Na ce musu aikin gama ya gama, jiya aka rufe."

"Baba, yau ne fa. Sai sha biyun daren yau."

"Daren yau ai daren Asabar ne, Malam. Ko a bokon naku an sauya?"

Baba Mati ya ce Malam Muntaka ya jingine babur a bakin ƙofa. Can ya ce, "Ba a sauya ba, Baba. Ni ne na sauya. Ka ji sunan matar?"

"Na dai ji mijin yana cewa, Aina'u, hau mu tafi."

Aina'un nan matar wani manomi ce, Zubair, a wani ƙauye da ke gaba da Minjibir. 'Ya'yanta uku. Ta gama sakandare tun kafin aure, ta sake zama jarrabawa da goyo a baya, don tana son karatun ungozoma. A ƙauyensu in naƙuda ta yi gardama, a kan babur ake ɗaukar mace zuwa gari, ba kuma kowacce ke isa ba. Wannan ne nemanta na ƙarshe, haka suka yi da mijinta da surukarta: in an dace a riƙe mata yara, in ba a dace ba ta haƙura. A makon nan ƙaramin ɗanta na kwance a asibiti a birni, sai Alhamis da yamma aka sallame su. Suka iso gida bayan magariba, ba sabis a cikin gari. Shi ya sa suka yi sammako ko za a ji tausayinsu.

Malam Muntaka ya shiga ofis, ya buɗe manhajar, ya goge layin nan. Ya rubuta: "Ba a rufe ba. A buɗe yake har sha biyun dare yau Juma'a, wato daren Asabar." Ya ɗora shi a saman shafin da jan rubutu, ya sake shi. Gyaran bai kai shan ruwa daɗewa ba. Ranar rufewa kuwa ba a hannunsa take ba, balle ya ɗaga.

Malama Luba ta leƙo ta ce, "Shi ke nan, Malam, ka gyara. Ka fita haƙƙinsu."

Ya ce, "Malama, wanda aka ce masa rijiya ta ƙafe, zai koma da guga ya duba?"

Ya nemo sunan Aina'u cikin waɗanda ba su danna ba, ya kira lambar da ke jiki. Ashe ta mai kafen intanet ce a Minjibir, wanda ya shigar mata da neman tun farko. Mai kafen ya ce shi mutum nawa zai riƙe a kansa. Sauran lambobin ma rabinsu haka. Amma sunan ƙauyenta na nan a rubuce. Sai ya bi limamai da ladanan da ya sani a kewaye, ɗaya bayan ɗaya a waya, yana roƙon a yi shela bayan sallar Juma'a. Shi kuma ya hau babur ya nufi ƙauyen su Aina'u, ya yi sallarsa a can.

Limamin garin, Malam Hashimu, zaure ɗaya suka yi karatun allo da shi. Da aka sallame, kafin mutane su nemi takalmansu, Malam Muntaka ya matsa ya raɗa masa abin da ya kawo shi. Liman ya dube shi sama da ƙasa.

"Muntaka, kai da muka sha bulala tare, yau kai ne ba ka san dare ke jan rana ba?"

"Allah ya gafarta Malam, a ara mini lasifikar tukuna. In na gama a ƙara mini bulalar."

Ya miƙe a gaban jama'ar da ba su san shi ba, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Jama'a, sunana Muntaka, ni ne nake rubuta sanarwar kwalejin lafiya. Na rubuta daren Juma'a, alhali daren Asabar nake nufi. Kuskuren nawa ne, ba na maigadi ba ne, ba na makaranta ba ne. Duk wanda yake da ɗa ko 'ya ko iyali da suka samu gurbi, ba a rufe ba."

Wani tsoho daga sahun gaba ya ce, "Da ka tambaye mu, ɗan boko." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ana cikin haka wani dogon mutum ya keto sahu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ce, "Malam, ka ce me?" Zubair ne.

Sun tarar da Aina'u a tsakar gida cikin mata ana tsinkar gyaɗa. Ta riga ta mayar da takardunta ƙasan akwati. Da mijin ya shiga ya gaya mata, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Don Allah kada ka yi mini wasa da wannan." Sai da ya ce mai rubutun da kansa yana zaure, sannan ta ja mayafi ta fito.

Wuri ɗaya sabis ke sauka a garin, kan jigawar da ke bayan rumbuna. Can suka hau su uku, rana na dukansu. Malam Muntaka ya buɗe shafin a wayar Zubair, abin ya yi ta juyi yana juyi, har Zubair ya fara salati. Da shafin ya buɗe, Malam ya nuna mata inda za ta shigar da lambarta, ya nuna mata wurin dannawa, ya miƙa mata wayar.

Ta ce, "Baba, ka danna mini. Kai ka fi iyawa."

Ya ce, "Gurbinki ne, 'yata. Hannun da zai karɓi haihuwa ba zai kasa wannan ba."

Ta goge ƙasar gyaɗa a gefen zane, ta danna. Rubutu ya fito kore. Ta karanta da kanta, a hankali, har ƙarshe, sannan ta durƙusa a kan rairayin nan ta rufe fuska. Zubair ya share ido da hannun riga, ya ce, "To, Malam, ka kyauta. Yanzu gyaɗar wa zai tsinke mini?"

Yau Aina'u ce ke ƙaramin asibitin ƙauyensu. Na je barkar wata jikata a can, na gan ta da farar riga tana yi wa wani miji faɗa don ya makara da kawo matarsa, shi kuma yana ta sunkuyar da kai. Baba Mati ya ce tun daga waccan Juma'ar babu sanarwar da Malam Muntaka ke saki sai ya fito bakin ƙofa ya karanta masa ita da ƙarfi, ya tambaye shi, "Baba, me ka ji na ce?" In amsar ta sha bamban da nufinsa, ya koma ya sake.

Malam Muntaka, kai ne mai share zauren da ba a ganin mai shararsa. Dubban yara sun shiga ta ƙofar da kake buɗewa, ba su san kamanninka ba, sunanka ma ba ya ko'ina a shafin. Kai ne wanda ya gyara kuskure a ɓoye cikin ƙiftawar ido, babu mai tuhumarka, amma ka ɗauke shi ka kai shi masallacin Juma'a ka faɗa da bakinka. Da na ce maka zan rubuta labarin Aina'u, ba ka yi murna ba. Cewa ka yi, "Hajiya, saurayin nan mai keke fa, ba mu same shi ba." Baba Mati bai ji sunansa ba, ba a san ko shelar ta kai masa ba, kuma na ga har yau abin na cin ka. Allah ya san ka nema. Shi ya buɗa wa yaron wata ƙofar, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Mun gode, Malam. Iyayen yara sun gode, matan da Aina'u ta karɓi haihuwarsu sun gode ko ba su san ta inda alherin ya biyo ba. Allah ya sa hutu ne mai albarka, ya ba ka lafiyar noman 'yar gonarka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Kai kuma Jamil, da na ji an ce kai za a miƙa wa kalmar sirrin, da duk 'ya'yana da jikokina masu rubuta wa jama'a sanarwa a ofisoshi da asibitoci da makarantu, ga abin da nake roƙonku. Kun fi shi saurin hannu, wannan ba gardama. Amma kafin ku danna, ku tuna a ƙarshen layin nan akwai mace da goyo a baya, wadda za ta gaskata duk abin da kuka rubuta, ta juya ta koma gida. In kun yi kuskure, kada ku tsaya a gyaran rubutu. Ku tashi ku bi ta.