Ranar da dokina ya shiga alkamar mutane

Ina tsaka da sukuwa a kan doki cikin laftof ɗina, sai na ji an dafa kafaɗata. Kawu Sale ne, manomi a Kibiya.

Wani tsohon gem nake bugawa, na zamanin takobi da sulke, wanda kake yawo duk inda ka ga dama. Abokaina sun ce ya tsufa, har na kusa goge shi.

"Kai Nura, gonar wa ka ratsa yanzu?"

"Kawu, gem ne fa. Yanke na yi."

"Yanke a cikin alkamar mutane? Ba ka ga burtali ba? Koma ka ba mai gonar haƙuri."

Wallahi sai da na koma. Shekara da shekaru ina wucewa ta nan, ban taɓa kula da tsohon da ke tsaye da lauje ba. Ina yi masa magana, sai ya roƙe ni in ƙwato masa shanunsa daga ɓarayi. Sabon labari fil!

Kawu ya jawo kujera. "To, mu je."

Ashe gem bai tsufa ba, ni ne ba na gaida mutane. Ku fa, wa kuka wuce ba gaisuwa?