Matar da ke Jikin Katina

Da fatar idona ta hagu a sauke aka haife ni. Ta dama tana nan inda Allah ya ajiye ta, ta hagun kuwa ta rufe rabin ƙwayar ido, kamar wadda aka tasa daga barci ba ta gama farkawa ba. Haka idon mahaifina yake, Allah ya jiƙan sa. Shi namiji ne, ga rawani, babu wanda ya taɓa damuwa. Cikin duk abin da ya bari, wannan ne kaɗai aka ba ni ba tare da gardama ba.

A kasuwar Agadas idon nan ya ja mini rigima iri biyu. Mata su ce ina hararar su, maza su ce ina kashe musu ido, alhali ni tumatir na zo saya. Don haka tun ina budurwa babu abin da ban gwada ba. Na riƙa rambaɗa wa mai lafiyar kwalli don ya ƙanƙance ya jira ɗan'uwansa. Gwaggona ta aiko daga Timia da wani garin ganye a kwaɓa da man shanu. Na shafa kwana bakwai, ƙudaje ne kaɗai suka ga amfaninsa. Wani wanzami ya ce zai ɗan tsaga ƙarƙashin gira ya ɗage fatar, Inna ta raka shi har ƙofar gida da muciya. Likita Nasara ya duba ya ce a Yamai ana ɗinkewa, amma ba ciwo ba ne. Shi da ba a fuskarsa abin yake ba.

Maganar Inna kullum guda ce: "Yana gani? To ki bar shi."

Na yi aure, na haifi 'ya mace. Tana shekara huɗu fari ya kai inda ya kai. Makiyaya suka cika bayan gari, ba raƙumi ba akuya. Ni badukiya ce, jaka da zabira nake ɗinkawa, kuma a shekarar nan fata ta yi arha kamar banza, sai dai babu mai saye. Maigidana ya bi mota zuwa Aljeriya neman aiki, ya bar ni da Inna da yarinya.

Sai soji suka karɓi mulki. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, don su ne suka buɗe rumbunan da aka ce babu komai ciki. Amma soja ba ya ba da ko ruwa sai an yi layi. Aka ce jar dawar taimako duk mako biyu za a raba, kuma kowane mai gida ya zo da katin shaida mai hoto. Ni ce mai gida.

Mai hoton yana bakin babbar kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Hoton farko yakan fito a juye, fari a wurin baƙi, sa'an nan ya sake ɗaukar wannan ɗin ya fito daidai. Ina zaune na ga ya ɗauki wani siririn alƙalami ya share wa wani mutum tabo a goshi kafin ɗauka ta biyu. Na matsa kusa da shi.

Na ce, "Malam, ido fa? Kana iyawa?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Ƙanwata, abin da likitan Yamai ka yi da wuƙa, ni da wanga alƙalami nika yin shi. Ba jini, ba jinya."

Na ƙara masa da zabira sabuwa. Ba shi ya tallata mini ba, ni na roƙa, gara in faɗi gaskiya. Da hoton ya bushe sai ga wata mace mai idanu biyu tas, kumatu cike, tana kallona. Gari na fama da yunwa, ni kuwa kwana uku ina yawo gida gida ina nuna kati. Inna ta kalla ta ce, "Kyakkyawa ce. Ɗiyar wa?"

Ranar rabo na shiga layi tun hantsi. Wani sarjan ne ke zaune a tebur, dogo, ba ya dariya, kuma an sha kawo masa katin matattu da na waɗanda suka yi ƙaura. Ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin.

"Wagga ba ke ta ba."

"Shef," na ce, yadda muke kiran manyan soja, "wallahi ni ce."

"Ta cikin kati idonta biyu. Ke ɗaya da rabi. Ki tahi ki ce mata ta taho da kanta."

Layi ya kwashe da dariya, mutanen da ko ƙarfin tsayuwa ba su da shi. Na koma gida da buhu a naɗe a hammata. Mako biyun nan garin goruba muka sha da ɗan dusa da maƙwabta suka sam mana. Inna ta ci gaba da dama mana garin kamar babu abin da ya faru. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don na san kwalliyata ce yarinyar nan take kwana da ita a ciki.

Sabon kati sai an yi watanni ana jiran hatimi. Tun da hoto ya ƙi ya yi kama da ni, dole ni in yi kama da shi. Ina da dunƙulen ƙaro a batta, ragowar na aiki. Na jiƙa kaɗan, na lakata da tsinke, na shafa a lanƙwasar fatar, na tura ta sama na riƙe har ya bushe. Da na duba a ɗan fasasshen madubina, sai ga idon a buɗe tangaram. Abin da na nema shekara ashirin, ashe yana cikin battata.

Abin da ban sani ba shi ne ido mai ƙaro ba ya ƙiftawa. Daga hantsi zuwa azahar ina cikin rana, idon na zafi kamar an zuba barkono, hawaye na zuba ta gefe guda. Wata tsohuwa a bayana ta yi ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Da na iso, sarjan ya duba ya ce, "Yawwa. Yau ke ta." Aka auna mini dawa.

Haka na yi ta yi duk mako biyu, wata da watanni. Sauran mata su fito layi da tsumma a jiki, ni sai na yi kwalliya tukuna. Ƙaro kuma ya ɓace a kasuwa, don itatuwan sun bushe, ɗan wanda ya rage mutane tsotsa suke yi su yaudari ciki. Nawa na ɓoye shi da battarsa cikin kwanonin jere, ina gutsura kamar zinariya.

Wata safiyar rabo na buɗe batta na tarar babu komai. Na juya, sai ga 'yata a bayan ƙofa, bakinta na danƙo. Na ɗaga hannu. Ta dube ni ta ce, "Yunwa nika ji." Hannun ya sauko da kansa.

Na tafi haka nan. Duk tsawon layin ina ɗage gira har goshina ya yi ciwo, ina lissafin abin da zan gaya wa Inna in na koma da buhu wayam. Na miƙa katin. Sarjan ya ɗan kalla, ya buga hatimi, ya nuna mini wurin awo. Ni da wauta sai na tsaya ina jiran ya kore ni.

Ya ce, "Madam, dibi layin ga. Wa ya rage mai kama da hotonshi? Wuce."

A gida na ajiye dawa na ɗauko babban madubin aurena. Watanni ke nan ido ɗaya kawai nake dubawa a fasasshen nan, ban ga fuskar gaba ɗaya ba. Kumatun sun tafi. Idanun sun faɗa ciki. Fatar idon dama, mai lafiyar, ta gaji ta sauko ta tarar da 'yar'uwarta, sun tsaya daidai wa daida kamar an gwada da zare.

Inna ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, ga su sun daidaita. Sai ki yi guɗa."

Na yi dariya har ta koma kuka. Sa'an nan na kife madubin, na tashi na surfa dawar, na dama kunu, na fara zuba wa 'yata.

Da aka yi ruwa muka murmure, na daman ya koma bakin aikinsa, na hagun ya tsaya inda mahaifina ya bar shi. Ban sake taɓa shi ba.