Wutsiyar Balangkas

Yayata Sepiah ta yi shekara talatin tana kamun ƙaguwa a taɓon bakin kogi kafin ta mallaki waya mai ɗaukar hoto. Ranar da surukinta ya sayo mata ita, ranar na shiga uku. Ni ce mai tuƙa kwalekwale, kuma ba ma yin nisa sai na ji, "Kalsom, kashe inji!" Wai ta hango fure a jikin itace, ko karen ruwa da 'ya'yansa. Ruwan teku na janyewa daga kogin, aiki na jiranmu, ita kuwa tana tsugune da waya ko motsi ba ta yi.

Firamare ma ba ta gama ba, amma duk abin da ta ɗauka sai ta binciko sunansa, ko wajen tsofaffi ko wajen wani malamin makaranta a gari. Da farko dariya ake mata. Daga baya masu dariyar ne suka koma turo mata hoto: macijin nan yana kisa? Naman kazan nan da ya tsiro a jikin itace ana ci?

Abin da ta fi tsoro shi ne balangkas, wata halittar ruwa mai ƙoƙon baya kamar kwano da doguwar wutsiya, wadda muke gasawa mu ci ƙwanta. Iri biyu ce a ruwanmu. Mai wutsiya da kusurwa uku da kaifi kamar zarto ana cin ta. Mai mulmulalliyar wutsiya kuwa dafinta ba shi da magani, wuta ma ba ta kashe shi.

Mijinta Seman bai taɓa yarda da wannan ba. Shi a kan maganar kakanninsa ya tsaya: in ka kama su biyu, namiji a bayan mace, ci abinka, wadda ke yawo ita kaɗai ce mai dafi.

"Likitar taɓo!" haka yake tsokanarta. "Kakana ya shekara tamanin yana ci, bai taɓa leƙa gindin kowa ba."

"Shi ya sa ya binne ƙannensa biyu a rana ɗaya."

"Wannan ajali ne."

"To ajalin wutsiya gare shi, malam."

A shekarar da 'yarsu Zaleha ta samu cikin fari, ta dawo gida goyon ciki, kwaɗayinta bai faɗa kan komai ba sai ƙwan balangkas da ɗanyen mangwaro. Sepiah ta ce, "Ki jira in kamo miki da hannuna." Da wannan niyyar muka fita wata Laraba da safe. Ba mu samu ba, sai muka kutsa can cikin kurmi inda waya ba ta kamawa, ta ɓata kusan awa biyu tana fakon wani shuɗin tsuntsu. Na yi mita har bakina ya gaji.

Muna fitowa bakin kogi wayarta ta yi ƙara. Ta duba, hoto ne aka turo, ta ja shi da yatsu biyu ya girma, sai na ga ta zauna daɓas a cikin ruwan ƙasan kwalekwale.

"Yaya, lafiya?"

Ta miƙo mini. Balangkas biyu a cikin bokiti, ɗaya a bayan ɗaya, wutsiya sumul kamar fensir. A ƙasa Zaleha ta rubuta: "Inna, Baba ya kamo mini. Ya ce ma'aurata ne. In ci?" Saƙon ya yi awa ɗaya da rabi da shigowa.

Ta kira Zaleha, ba a ɗauka ba. Ta kira Seman, waya a kashe. Na murɗa inji iya ƙarfinsa, amma ruwa ya riga ya janye, sau biyu muna kafewa. Mu mata biyu masu furfura muka dira cikin taɓo har cinya muna turawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sepiah ba ta yi kuka ba. Lissafi take yi a fili: hura wuta minti kaza, gashi minti kaza, yanka mangwaro. Duk yadda ta lissafa, an riga an ci.

Tun daga mashigi muka jiyo ƙamshin gashi. Gidan a kan turaku yake, Sepiah ta haura tsaninsa da rarrafe.

Zaleha na zaune a baranda, ta cika ta yi fam.

"Kin ci?"

"Ina fa! Baba ya hana ni, ya zauna ya cinye rabi ina kallo. Ni da aka kamo domina!"

Sepiah ta rungume ta tana salati. Ni ce na fara lura da Seman. Yana jingine da ginshiƙi, kwano a gabansa, yana ta shafa leɓɓansa da bayan hannu kamar mai goge mai. Ya so ya yi murmushi, gefen bakin bai tashi ba.

"Seman, tashi! Kalsom, kira Hamdan ya kawo mota!"

Ya yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Hamdan maƙwabcinmu da wasu maza biyu suka ciccibe shi. Daga ƙauyenmu zuwa asibiti tafiyar minti arba'in ce. Na zauna gaba, Sepiah tana baya da kansa a cinyarta, tana cewa, "Ja numfashi. Ƙara ja. Kada ka yi mini haka."

Harshensa ya yi nauyi, sai da ta kai kunne bakinsa, amma ni ma na ji.

"Ba ki amsa ba," ya ce. "Yarinya na kuka. Na ce bari in fara ci... mu gani ko ke ce da gaskiya."

"Da ka jira ni!"

"Na jira."

Idonsa a buɗe yake, yana kallonta, yana jin duk abin da take faɗa. Ƙirjin ne ya riƙa tashi kaɗan kaɗan. Hamdan na ta danna oda a bayan wata motar kwakwar manja da ta ƙi ba mu hanya. Kafin mu hau babban titi na ji Sepiah ta daina cewa ya ja numfashi.