Madubin Malam Haruna da Tulun Inna

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Malam Haruna makwancinsa a Tambuwal. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan yi masa addu'a in yi shiru, amma bana jikata ta tono ni. Ta zo hutu, ta miƙo mini wayarta, wai in ga ƙwayoyin halittun da ke cikin ruwa, malaminsu na kimiyya ne ya turo musu. Na duba. Ga su kuwa manya-manya, masu launi, har da kiɗa a bayansu. Na tambaye ta ruwan wane gari ne, ta ce ita ma ba ta sani ba. Nan take hankalina ya koma Kebbe.

Haruna taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. A ƙarshen zamanin Turawa hukumar En'e ta turo shi daga Tambuwal ya koyar a elemantaren Kebbe, ya sauka a gidanmu. A gida ina tsokanarsa son raina, in ce da shi mai wuyan zalɓe. Da mun shiga aji kuwa ya zama Malam, ni kuma in kama bakina.

Darasin tsabta da sanin halittu yake koyarwa, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya sa kada su sani. Farar tsutsa ce doguwa kamar zare, takan huda ƙafa ta leƙo, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Ba ta kuma tashi zuwa sai da damina, daidai lokacin noma. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta sha shi har gwiwarta ta hagu ta sage. Wanzamin da ke kula da ita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa idan ya ci gaba da fito mata, tafiya da ƙafa ta ƙare. Wannan magana ta dame mu, amma ta fi damun Haruna, don ita ta goye shi yana jariri.

Wani hutu ya dawo daga Tambuwal da akwatin katako ɗaure a bayan keke, lulluɓe da bargo. Tsohon madubin likita ne Baturen makaranta ya ba shi aro. Babu lantarki, wani ɗan gilashi ne a ƙasansa ke kamo hasken rana, saboda haka sai mu fito da tebur tsakar makaranta. Ya sa aka ɗebo ruwan tafkin da duk gari ke sha, ya ɗiga ɗigo ɗaya, muka yi layi. Da na kanne ido na leƙa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Wasu halittu ne masu ƙahoni suna zabura nan da can, a cikin ruwan da na sha da safe. Ya ce su ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu, idan mutum ya haɗiye su bana, tsutsar ba ta fitowa sai baɗi. Maganin kuwa, a tace ruwa da ƙyalle mai ƙaramin ido.

To, mu yara muka kai rabin labarin gida, muka bar rabi a makaranta. Gari ya ɗauka Malam ya zo da madubi mai ganin kurkunu. Mutanenmu kuwa sun saba kai wa malami ruwa ya yi tofi a sha a warke, sai suka auna wannan da wancan: ruwan da madubi ya duba ya zama magani. Kafin mako ya kewayo tuluna sun yi jeri a ƙofar aji, har daga garin Fakku, wani da kaza a hannu, wani da ƙwaryar nono. Da Haruna mai son suna ne, da ya yi suna a ranar. Sai ya riƙa mayar da su yana bayanin ƙyalle, su kuma suna komawa suna cewa ɗan boko ya yi rowa.

Ana haka wata safiya sai ga Inna da kanta, tana ɗingishi, tulu a ka.

“Haruna, duba min ruwan ga, ka kashe abin da ac ciki.”

“Gwaggo, madubin ga ba ya kashe komi, gani kaɗai shika yi. Ke za ki duba da idonki.”

“Ni? Mi nis sani ga kayan Nasara? Ko ka hana kowa, ni da nig goye ka za ka hana?”

A gabanmu, ɗalibansa, ya durƙusa har ƙasa ya roƙe ta. Da ƙyar ta sunkuya ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta yi salati ta ce, “Wanga abu nika sha?”

Sai ya zaro wani ƙyalle daga aljihu. Ashe na tatar kokonta ne, da ta kwana biyu tana nema tana zargina. Ta ce, “Ashe kai ne ɓarawon!” Ya tace ruwan tulunta, ya ɗiga, ta leƙa, ba komai. Ya ɗauraye ƙyallen a ƙoƙo, ya ɗiga wannan ruwan, ta leƙa, ga su nan birjik. Ta karɓi ƙyallenta ta ɗauki tulu, ta koma gida. Daga ranar ba ruwan da ya sake shiga randarmu bai bi ta ƙyalle ba.

Da damina ta faɗi, kurkunu ya fito wa Inna a idon sawu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan shekarar ba. A kasuwa ana nuna Haruna da baki, wai ga mai madubin da ya kasa gwaggonsa. Ya sha faɗa musu zancen shekara guda, amma wa ke saurare? Kullum bayan la'asar yakan zauna a ƙofar ɗakinta yana naɗe mata tsinken, kansa a ƙasa. Ita ce ma ke lallashinsa. Na ji ta ce, “Ka ce wanga na bara ne. To, mu ga na baɗi.” Ta ci gaba da tatarta, mata na yi mata dariya a bakin tafki.

Baɗi ta zo. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, Inna na tafe gona da ƙafarta tana dawowa, maƙwabta kuwa rabinsu na kwance. Ba wanda ya zo ya ba Haruna haƙuri. Matan dai suka fara shigowa gidanmu ɗaya bayan ɗaya suna tambayar Inna irin ƙyallen.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wayar jikata. Na san zai so ta, don mutum ne mai kwaɗayin sabon abu, da sai ya hana yarinyar sakat har cajin ya ƙare. Amma na tabbata tambayar da na yi ita zai yi: ruwan wane gari ne? Shi a wurinsa na'ura ba ta gama aiki ba sai yaro ya ga abin da ke cikin randar gidansu. Ina jin daɗin abin da yaranmu suka samu, ina kuma tsoron kada su san ruwan duniya duka su jahilci nasu.

Madubin ya koma hannun mai shi tun kafin Turawa su tafi, ko hoton Haruna tare da shi ba mu da shi. Amma bara na je ta'aziyya Fakku, na ga wata yarinya ta ɗaure ƙyalle a bakin randa tana juye ruwa, alhali na famfo ne, garau da shi. Na ce mene ne wannan? Ta ce ƙyallen malam ne. Na ce wane malam?

Ta ce, “Oho, Baba. Haka munka iske.”

Na juya kai don kada ta ga idona. Allah ya jiƙan Haruna, ya jiƙan Inna, ya shayar da su ruwan Alkausara.